An ba ni jan nazari a Zumuntar Mata, alhali Maganar Allah ba ta zama a kaina

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, da Baba da yara da jikoki.

Ni mace ce mai shekara 44, ina zaune a Kaduna da maigidana da 'ya'yanmu huɗu, sana'ata ɗinki. A gidan masu bi aka haife ni, an yi mini baftisma tun ina budurwa, ba na fashin sujada, ba na fashin taron Zumunta. Wanda ya gan ni ranar Lahadi zai ce komai lafiya lau. Amma Mama, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk sabuwar shekara nakan yi wa Allah alkawari zan karanta Littafi Mai Tsarki daga farko har ƙarshe. Farawa da Fitowa sukan tafi daidai, da na shiga Littafin Firistoci sai guiwata ta yi sanyi, shi ke nan sai wata shekara. Da dare nake karatun, bayan na tashi daga kan keke na sallami yara. Kafin in gama shafi ɗaya ido ya fara yaji, rubutun ya haɗe, kai ya ɗauki ciwo, barci ya kwashe ni.

Hadda kuwa ba a magana. Ayar da na riƙe yau, jibi ta gudu. 'Yan kaɗan da na haddace a Makarantar Lahadi da tsohuwar fassara ce, a majami'armu wata ake karantawa, a wayata kuma wata dabam, sai in tashi faɗa in cakuɗa su. Ɗan maƙwabciyata Musulma, yaro ne da bai gama firamare ba, kullum da asuba ina jin tilawarsa ta kan katanga ba gargada, sai kunya ta kama ni. Uwar mijina da ke zaune tare da mu ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, amma Zabura a bakinta take.

Yanzu ga shi mata sun zaɓe ni in riƙa jan nazarin Littafi Mai Tsarki. Akwai ranar da aka ba ni gajeren gargaɗi, na kwafo wani saƙo daga WhatsApp na karanta, wata ta yi tambaya na rasa ta cewa. Maigidana ya ce in karɓa, ni kuwa ina so in je wurin matar Fasto in ce a nemi wata. Mama, zuciyata ce ta mutu, ko kaina ne ya toshe? Ki taimake ni.

'Yarki a cikin Ubangiji, daga Kaduna.

Amsar Mama

'Yata, na amsa gaisuwarki, Ubangiji ya ƙara miki alheri.

Zuciyar da ta mutu ba ta zama ta rubuta irin wannan wasiƙa, saboda haka ki ajiye wannan zancen. Mu fara da abin da ya fi sauƙi, wato idonki. Mace mai shekara 44 da ke yini tana kallon bakin allura, ta zo da dare ta buɗe ƙananan haruffa a hasken fitila mai caji, rubutu ya haɗe, kai ya sara: wannan ba Shaiɗan ba ne. Daga shekara 40 zuwa sama ganin kusa yakan ragu ga kusan kowa. In har kin fara nisanta zare da allura kafin ki zura, to ki je asibitin ido a gwada ki. Tabarau na karatu ba shi da tsadar da mutane ke zato, amma a gwada tukuna, kada ki saya a hannun masu talla. Ki kuma nemi bugun Littafi Mai Tsarki mai manyan haruffa a kantin littattafan ikilisiya, ko ki ƙara girman rubutu a wayarki.

Sai batun alkawarin sabuwar shekara. Littafi Mai Tsarki littattafai 66 ne, surori 1,189. Mai son gamawa a shekara ɗaya sai ya karanta fiye da sura uku kowace rana, ba fashi. Abu ne mai kyau ga wanda ya samu hali, amma ba inda Allah ya ɗora wa kowa wannan. Ke kika ɗora wa kanki, kika zaɓi lokacin da jikinki ya gama mutuwa, sa'an nan kika mai da gajiyarki zunubi. Sabon Alkawari surori 260 ne kacal. Sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, ki lissafa da kanki: mako 52 kin sauke, kuma kina da kwana biyu duk mako na cike gurbi idan aikin Kirsimeti ya taso. Ki fara da Markus, shi ne mafi gajarta a cikin Bisharu huɗu, sura 16, kuma labarinsa gudu yake yi. Daga nan Luka da Ayyukan Manzanni, tun da mutum ɗaya ya rubuta su. Ki mai da karatun safiya, kafin ki buɗe shago, ko da minti 15 ne.

Littafin Firistoci ba ke kaɗai ya kayar ba. Ki bar shi tukuna. Ranar da kika kai Ibraniyawa sura 9 da 10, ki koma ki buɗe Firistoci sura 16, inda babban firist ke shiga Wuri Mafi Tsarki da jini sau ɗaya a shekara. A nan za ki ga abin da hadayun suke nunawa, littafin kuma zai daina yi miki kama da jerin dokokin yanka.

Yanzu ga inda nake so ki kasa kunne sosai. Mutum biyu kika ambata da suka fi ki hadda, yaron maƙwabta da uwar mijinki, kuma ba ki lura da abin da ya haɗa su ba. Dukansu da baki da kunne suka koya. Yaron nan ba ya karatu a zuci. Yana ɗaga murya, ana ba shi ɗan kaɗan, yana maimaitawa har ya zauna, yana biya wa malaminsa, kuma kowace asuba yana tishin na baya kafin a ƙara masa sabo. Uwar mijinki ma shekaru ta yi tana ji ana karantawa a sujada, tana rerawa a waƙa, tana sa su cikin addu'arta. Ke kuwa kina karantawa shiru, ke kaɗai, sau ɗaya, kina gyangyaɗi, kina kuma mamakin me ya sa bai zauna ba. Ba kunya ya kamata ki ji in kin ji tilawar yaron nan ba, dabara ya kamata ki ɗauka, iyayensa kuma sun cancanci yabo da suka tsaya a kansa.

Wannan hanya ma ba baƙuwa ba ce gare mu. A Nehemiya sura 8, Ezra ya tsaya ya karanta Shari'a da ƙarfi tun da safe har tsakar rana, Lawiyawa suna bayyana wa jama'a ma'anar. Bulus ya umarci Kolosiyawa a karanta wasiƙarsa a gaban taro, a kuma aika wa na Lawudikiya su ma su ji. Maimaitawar Shari'a sura 6 ta ce a riƙa zancen umarnan Allah a zaune a gida, da tafiya a hanya, da kwanciya, da tashi. Yawancin masu bi na farko ba su mallaki littafi a ɗakinsu ba, ji suka yi suka riƙe.

To ga yadda za ki yi. Ki zaɓi fassara ɗaya domin hadda, ki tsaya a kanta. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller, ɗan mishan na Zariya, ya sha wahala a kansa tare da wasu, shi ne tsoffinmu suka tashi da shi. An yi sabuwar fassara a 1979, daga baya kuma wasu sun biyo, har da Sabon Rai Don Kowa da ake samu a waya. Ba wadda ta zo ta ƙaryata 'yar'uwarta. Ni shawarata ki haddace da wadda ake karantawa a majami'arku, domin duk Lahadi za a riƙa yi miki tishi kyauta. Ayoyin yarintarki kuwa ki bar su yadda suke, kada ki tsaya gyara su.

Kada ki tsinci ayoyi ɗai-ɗai daga nan da can. Ki ɗauki abin da ke haɗe, kamar Zabura 121 mai aya takwas, ko Zabura 1 mai aya shida, ko Filibiyawa 4 daga aya 4 zuwa 9. Aya ɗaya ko biyu a mako sun isa. Ki rubuta da hannunki da manyan baƙaƙe, ki manna a bango daidai kan kekenki, ki riƙa faɗa da murya kina taka keke. Kafin ki ƙara sabuwa, ki biya tsoffin tun daga farko. Mantuwar jibi da kike kuka da ita haka kan kowa yake, maganinta komawa kafin abin ya gama gogewa: yau, gobe, bayan kwana uku, bayan mako. In lambar sura da aya ta kuɓuce miki kada ki tada hankali, manzanni ba su sa lambobin nan ba. An raba surori a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai a 1551 aka fara buga su. Suna da amfani wajen nema, iyakarsu ke nan.

Malamar biyawa kuma tana cikin gidanki. Ki je wurin uwar mijinki ki ce, “Mama, zan riƙa karanta miki sura ɗaya da safe, ke kuma ki riƙa karɓar haddata.” Ina tabbatar miki za ta ji daɗin da ba ki zata ba, tsohuwar da ba ta iya karatu ba, babu abin da take so kamar a karanta mata. Timoti ma daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya gaji bangaskiya, ki jawo yaranki su zauna su ji. Da rana kuma, maimakon surutun rediyo, ki saka Littafi Mai Tsarki na sauti. Akwai na Hausa a manhajar Bible.is da ta YouVersion, ɗaya daga cikin yaran zai iya sauke miki. Littattafan ibadar kullum irin su Abincin Yini suna da kyau, amma ki fara karanta nassin da aka rubuta a saman shafi kafin bayanin. Mata da yawa bayanin kawai suke karantawa su rufe.

Saƙonnin WhatsApp kuwa, musamman masu cewa ki tura wa mutum goma ki ga abin al'ajabi, ba kayan koyarwa ba ne. Ba ki san wanda ya rubuta ba, ba ki san abin da ya gaskata ba, wasu ma ayar da suke ambata in kin buɗe ba haka ta ce ba.

Wani abu kuma da ba ki tambaya ba. Yawan hadda ba shi ne girma cikin ruhu ba. Na san masu zuba aya kamar ruwa da ba a iya zama da su gida ɗaya. Yaƙub sura 1 ta yi kashedi a kan mai ji da ba ya aikatawa. Karatun da ba a aikata ba kamar yadi ne da kika yanka kika jibge ba ki ɗinka ba. Kowace safiya, in kin rufe littafin, ki tambayi kanki abu ɗaya da za ki yi yau saboda abin da kika karanta, ko da faɗa wa mai kaya gaskiyar ranar da ɗinkinta zai fito ne.

Batun jan nazari, ra'ayina ki karɓa. Ki je wurin matar Fasto, amma ba don ki ajiye aikin ba. Ki gaya mata abin da kika gaya mini, ki roƙa a haɗa ki da wata dattijuwa da ta saba, a watannin farko. Kada ki shirya wa'azi, ba shi aka ba ki ba. Ki ɗauki gajeren labari daga Markus da kika riga kika karanta a makon, misali macen nan mai zubar jini a sura 5. A karanta da ƙarfi sau biyu, da bakin mata biyu dabam, saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Ki sa wata ta maimaita labarin da bakinta, sauran su cike abin da ta tsallake. Sa'an nan ki tambaye su me labarin ya nuna game da Yesu, me ya nuna game da mu, me za mu yi da shi a wannan mako. Za ki ga matan sun fi ki magana, haka ake so. In aka jefo tambayar da ta fi ƙarfinki, ki ce, “Ban sani ba, zan tambayi Fasto in kawo amsa mako mai zuwa,” ki rubuta ta a gabansu, kuma lalle ki kawo amsar.

Ki sake rubuto mini bayan kun gama Markus, ki kuma gaya mini abin da likitan ido ya ce.

Mama