Thee Oh Sees, Oh Sees, Osees: Me Ya Hana Kiɗansu Zama Wuri Ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wani abokina da muke aikin haɗa sauti tare a situdiyo ya turo min kundin Floating Coffin na wasu makaɗa 'yan Amurka, Thee Oh Sees. Jitar ta shige ni sosai. Da na shiga YouTube neman ƙari sai na ci karo da OCS, da Oh Sees, da Osees. Wani kiɗan sanyi ƙalau, wata waƙar ta haura minti 20, wata kuma ihu ne zalla. Shin mutane ɗaya ne? In su ne, ɓatan kai suka yi ko kasuwa suke bi? Kuma ta ina zan ci gaba da sauraro? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Su ne dai, ko in ce shi ne, domin mutum ɗaya ne ya ratsa duk waɗannan sunaye tun farko: John Dwyer, ɗan garin Providence a jihar Rhode Island, wanda ya koma San Faransisko a ƙarshen shekarun 1990. Sauran makaɗan zuwa suke yi suna tafiya. Batun kasuwa kuwa ka cire shi a ranka, mai neman rediyo ta ɗauke shi ba ya sakin waƙar minti 21. Tunda aikin sauti kake yi, ga shawarata tun daga nan: ka ɗan ɗauke kunnenka daga jitar, ka mai da shi kan ganguna. Daga farkon tafiyarsu har zuwa 2017, kusan duk juyin da salonsu ya yi, in ka bincika za ka tarar an sauya wanda ke zaune bayan ganguna, ko an ƙara masa abokin zama.

Kafin mu kai can, ka san gidaje biyu da suka fito. Na farko kiɗan gareji ne, na samarin Amurka na tsakiyar shekarun 1960 da ke atisaye a garejin iyayensu da araha-arahar kayan kiɗa, irin su The Sonics na Tacoma. Waƙa gajeriya, sauti mai datti, ƙarfi ya fi ƙwarewa yawa. Na biyu shi ne saikedelik, wanda ya taso a lokaci guda a wurare irin su Austin ta Teksas, garin The 13th Floor Elevators, da San Faransisko. Shi wannan jan waƙa yake yi, ya cika ta da amsa-kuwwa da maimaici har mai sauraro ya ji kamar ƙasa na juyawa da shi. Tarihinsa ya cakuɗa da shan ƙwayar LSD, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, amma dabarun sautin sun daɗe da tsayawa da ƙafafunsu. Na farko yana son a gama da wuri, na biyu ba ya son a gama. Rayuwar Dwyer ta kiɗa kacokan ja-in-ja ce tsakanin waɗannan biyu.

Abin da ka ji mai sanyi ɗin nan, OCS, shi ne mafari. A lokacin Dwyer yana cikin ƙungiyoyi masu hayaniyar tsiya, Pink and Brown da kuma Coachwhips, sai ya buɗe OCS a matsayin wurin hutawa: jita marar lantarki, murya ƙasa-ƙasa, ɗauka a cikin ɗaki. Kundinsu na farko a 2003 ya fito. Abokin aikinsa Patrick Mullins ba ya dukan ganga da ƙarfi, wani lokacin ma zarto yake kaɗawa, ainihin zarton kafinta, a lanƙwasa shi a goga masa baka yana wani kuka siriri. Sai Brigid Dawson ta shigo da muryarta. Ka riƙe sunanta, domin wannan siririyar murya mai hawa sama da ka ji a Floating Coffin, wadda da wuya ka rarrabe ta namiji ce ko ta mace, haɗin muryarta ce da ta Dwyer idan ya matse maƙogwaro.

Da Mike Shoun ya karɓi ganguna, ga Petey Dammit yana riƙe ƙasan kiɗan, sai lamarin ya tashi daga ɗaki ya koma dandamali. The Master's Bedroom Is Worth Spending a Night In na 2008 da Help na 2009 su ne suka kafa abin da mafi yawan masoyansu ke nufi idan sun ce Thee Oh Sees. Duka mai sauri wanda ba ya kwana, jita ta tsaya kan sauti biyu ko uku, sai can Dwyer ya saki wata 'yar ƙara a makirfo, na'urar amsa-kuwwa ta cafe ta ta yi ta nanatawa, daga nan kowa ya afka. In ka kalli bidiyon wasanninsu za ka ga ya ɗaure jitar can sama a ƙirji, kusa da haɓa, yana nuna jama'a da wuyanta.

Amma tun a wannan zamanin alamar abin da ke tafe ta bayyana. Waƙar da ta buɗe Warm Slime na 2010 ta haura minti 13, ta cinye fuska ɗaya ta faifai. A 2011 kuma suka fitar da kundi biyu da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Castlemania, wanda Dwyer ya kaɗa mafi yawan kayansa da kansa, cike yake da sarewa da waƙoƙi masu zaƙi-zaƙi. Carrion Crawler/The Dream kuwa an ɗauke shi a Sakramento wurin Chris Woodhouse, injiniyan da ya daɗe yana musu aiki, dukkansu suna kiɗa lokaci guda, kuma a nan ne Lars Finberg ya zauna a matsayin makaɗin ganga na biyu. A ganina wannan kundin shi ne ƙofar duk abin da ya biyo baya.

Bari in tsaya a kan ganga biyun nan, don nan ne zancen yake. Mutane kan ɗauka an ƙara na biyu ne don ƙara ta ƙaru. Ƙarar na ƙaruwa, amma amfanin ya wuce nan. Makaɗi ɗaya idan ya tashi yin ado, dole ya saki asalin dukan na ɗan lokaci. Idan su biyu ne, ɗaya na iya riƙe dukan ba ya motsi, ɗayan ya yi yawonsa ya dawo. Kamar dai yadda mai kuntuku ke tsare kiɗa a ƙasa, mai kalangu ya samu sararin yin magana a kai. Ko da su biyun suna duka iri ɗaya, hannayensu ba za su taɓa sauka daidai-wa-daida ba, wannan ɗan saɓanin da bai kai ƙiftawar ido ba shi ke sa sautin ya yi kauri yana rawa. Ka sa abin ji a kunne ka gwada: a kundayen baya-baya za ka ji ɗaya ya karkata hagu, ɗayan dama. Da zarar ƙasa ta yi ƙarfi haka, jita ba ta da sauran nauyin riƙe waƙa. Tana iya yin shiru, tana iya kauce hanya minti biyar, ba abin da zai rushe. Wannan tunani kuwa ba daga Amurka ya fito ba. Dwyer bai taɓa ɓoye ƙaunarsa ga Can ba, ƙungiyar birnin Kolon na Jamus da aka kafa a 1968, wadda makaɗinta Jaki Liebezeit kan riƙe duka ɗaya ya yi ta maimaita shi kamar inji.

Kundin da ya shige ka, na 2013, shi ne na ƙarshe da waccan tawagar ta San Faransisko ta yi tare. A watan Disamban shekarar Dwyer ya sanar a kan dandamali cewa za su ɗan dakata, jama'a suka ɗauka rabuwa ce. Ya tattara ya koma Los Anjalas, a daidai lokacin da kuɗin haya a San Faransisko ke korar makaɗa da masu zane saboda kwararar ma'aikatan kamfanonin fasaha. Ya sake gini daga tushe, da Tim Hellman a kan jitar bes. Mutilator Defeated at Last na 2015, da Nick Murray a ganga, ya fi na baya nauyi. Daga nan Ryan Moutinho da Dan Rincon suka zauna su biyu, ganga biyu ta zama doka, har a wasanninsu ma su ake jerawa a tsakiyar dandamali ta gaba, Dwyer ya raɓe gefe. A Weird Exits na 2016 shi ne amfanin gonar farko. Paul Quattrone ya maye gurbin Moutinho, aka yi Orc a 2017 da gajeren suna Oh Sees, sannan Tomas Dolas ya shigo da fiyano da na'urorin sauti.

Daga nan ma'aunin da na ba ka ya daina aiki, don mutanen ba su ƙara sauyawa ba, kiɗan kuwa bai tsaya ba. Abin da ya faru shi ne Dwyer ya samu hannayen da duk abin da ya ɗora musu za su ɗauka, sai ya koma gindaya wa kowane kundi sharaɗinsa. Face Stabber na 2019 ya kai kusan minti 80, a cikinsa ne waƙar nan ta minti 21 take, mai jan zare irin na jaz. Gaskiya ni a wurina akwai wuraren da ya kamata a sa almakashi, ko da yake gangunan ba su taɓa gundura ta ba. A 2020 suka koma Osees. A 2022 sai ga A Foul Form, ihun da ka ambata, kundi guda sukutum wanda tsawonsa bai wuce na waccan waƙa ɗaya da komai ba. An ɗauke shi a ɗakin ƙasa na gidan Dwyer, gaisuwa ce ga zafafan ƙungiyoyin punk (kiɗa mai sauri da ihu) da ya tashi da su yana yaro, har da waƙar Rudimentary Peni ta Ingila suka maimaita a ciki. Shekara na zagayowa Intercepted Message ya zo da fiyano a gaba, mai daɗin rawa. Sorcs 80 na 2024 kuwa babu jita a cikinsa sai ta bes. Dwyer da Dolas sun loda sautuka a na'ura suna bugunta da sanduna, ga saksofon a gefe, wato kusan kowa ya zama makaɗin ganga.

Me ya ba shi wannan 'yanci? Babban dalili shi ne ba ya jiran izinin kowa. A 2006 shi da Matt Jones da Brian Lee Hughes suka kafa kamfanin faifai na Castle Face, wanda ya fitar da yawancin kundayensu na shekaru da dama, ya kuma fitar da kundin farko na makaɗin gareji Ty Segall. Wasu kuma sun fito ta In the Red, shi ma ƙaramin kamfani ne. Babu wani manaja da zai ce masa jama'a sun so na bara, a sake irinsa. Kuma wanda ke fitar da kundi kusan kowace shekara, wani lokacin biyu ko uku, ba ya jin tsoron ɗaya ya ƙi karɓuwa. Abincinsu a yawon wasa yake, masoyansu kuma ba su kai na manyan taurari yawa ba, amma irin mutanen nan ne da ke sayen faifai tun kafin su ji abin da ke ciki. Sauya sunan ma yana da alaƙa da haka, kuma ba wasa ba ne gaba ɗaya: a 2017, shekarar Orc, da ya so komawa kiɗan sanyi tare da Brigid Dawson, tsohon sunan OCS ya ɗauko ya fitar da Memory of a Cut Off Head.

Game da inda za ka ci gaba, kada ka yi tsalle zuwa na baya-bayan nan, za ka ji kamar an yaudare ka. Ka ɗan koma baya zuwa Carrion Crawler/The Dream, ka saurare shi da ƙarfi, ka lura da yadda bes ke tsayawa wuri ɗaya jita na kai-komo. Daga nan ka wuce Mutilator Defeated at Last, sai A Weird Exits. In kunnenka ya saba da ganga biyu, Orc da Face Stabber za su buɗe maka da kansu. A Foul Form da Sorcs 80 ka bar su sai ƙarshe. Kuma tunda kana da kayan aiki a situdiyo, ka ɗora A Weird Exits a kan na'ura, ka kashe lasifikar dama ka ji hagu ita kaɗai, sannan ka juya.