Hannun gem ɗin da adafta ta ƙi ganewa

Malam, ka ce ka sayo hannun gem mai rahusa a kasuwar Banex da ke Wuse 2, Abuja, amma adaftarka (na'urar da ke haɗa hannu da gem) mai buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa zai iya gyarawa, ta ƙi karɓarsa. Kada ka yar da shi tukuna.

Kowace na'urar USB tana da lambar kamfani da lambar samfuri. Misali, lambar kamfani ta Sony 054c ce. Manhajar adaftar jerin lambobin da ta sani take dubawa, baƙo kuwa sai ta kau da kai. Jona hannun a kwamfutar Linux, buga umarnin lsusb ya nuna maka lambobinsa, ƙara lambobin a jerin, ka sake loda manhajar.

Wahalar tana wajen maɓallai. Nawa, ina danna X, wani ke amsawa. Dare biyu na kwana da evtest, manhajar da ke nuna maɓallin da aka danna, ina daidaita su ɗaya-ɗaya. Ka adana tsohuwar manhajar kafin ka taɓa komai.