Na kusa cinye kilomitan shekara cikin wata bakwai, ina mafita?

Tambaya: Barista, ni ɗan kasuwa ne a yankin Gaya. Na ɗauki hayar mota ta shekara biyu a wani kamfani a Kano, aka rubuta kada in wuce kilomita 20,000 a shekara. Alhamis ina Maigatari, Juma'a ina Wudil, ga shi wata bakwai na ci 17,000. Ma'aikacinsu ya ce min a waya kada in damu. Wani abokina kuma ya ce rewaya zai iya mayar da lambar kilomitan baya.

Amsa: Alhaji, shawarar abokin nan naka ita ta fi tayar min da hankali. Don Allah kada ka bari kowa ya taɓa agogon da ke ƙirga kilomitan motar. Wuce kilomita bashi ne, kuɗi ke kashe shi. Mayar da lamba baya kuwa zamba ce, laifi ne a dokar Penal Code, kuma asirin ba ya rufuwa, don yawanci duk sabis ɗin da aka yi ana rubuta lambar.

Iyakar ba mugunta ba ce. Motar tasu ce, yawan tafiya kuma yana karya kuɗinta ranar da za su sayar. Ko a fiƙihu, wanda ya ɗauki hayar dabba zuwa wani gari ya zarce, akwai haƙƙin mai dabba a kansa.

Ɗauko takardar, ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka. Shin 20,000 ɗin duk shekara ake lissafawa, ko 40,000 ne a dunƙule ranar mayar da mota? In a dunƙule ne, kana da sauran sarari, musamman in zirga-zirga na raguwa da damina. Sannan a duba nawa aka sa wa kowane kilomita na ƙari. In ba a rubuta ba, ba su da ikon yanka maka abin da suka ga dama. In kuma kuɗin ya wuce hankali, dokar kare masu saye ta 2018 ta hana sharuɗɗan zalunci, kana iya kai kuka hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC.

Sai dai babu dokar da ta tilasta musu ƙara maka kilomita, abin na daidaitawa ne. Shi ya sa nake so ka je yanzu, tun kana da ragowar 3,000. Wanda ya zo da kansa kafin ya wuce, sau da yawa ana ɗan ɗaga masa kuɗin wata, ya fita da sauƙi fiye da tarar ƙarshe. Ka tambaya kuma ko za su sayar maka da motar in wa'adi ya cika. In ta zama taka, galibi zancen kilomita ya mutu. Mayar da ita kafin lokaci ban cika so ba, yakan fi tsada.

Wancan "kada ka damu" na waya, gobe mai maganar zai iya barin aiki. Duk abin da kuka daidaita a rubuta shi: sabon adadi, sabon kuɗi, ranar farawa, da sa hannun mai ikon sa hannu da hatimin kamfani, ka riƙe kwafinka. In sun ƙi sauraronka, akwai zauren sulhu na Multi-Door a ƙarƙashin Babbar Kotun Kano kafin a kai ga shari'a.

Yau ɗin nan, kafin ka tayar da motar, ka ɗauki hoton agogon da wayarka.