Laimar kwaɗi a dajin Jamus: in dafa ko in bari?

TAMBAYA: Anti, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce a Hannover, kuma bana ne karon farko da kaka ta riske ni a Jamus. Ranar Asabar na bi maƙwabtana daji, na ga laimar kwaɗi iri-iri, har da wata fara mai kama da wadda ake cirowa a gindin suri a garinmu da damina. Hotunan da na ɗauka da waya duk sun fito dishi-dishi. Yaya zan gyara? Kuma zan iya dafa farar nan?

AMSA: Ƙanwata, bari in fara da tambayar ƙarshe, don ita ta tayar mini da hankali. Don Allah kada ki dafa. Wadda kika sani a gida gara ce ke nomanta cikin suri, kuma wannan irin ba ya fitowa a Turai. A nan akwai wata da masana ke kira Amanita phalloides, hularta kore-kore, wani lokaci kuma fara. Ita ke kashe kusan 90 cikin 100 na mutanen da dafin laimar kwaɗi ke hallakawa. Tafasawa ba ta karya dafinta, suya ma haka. Sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa suke farawa, daga nan mutum ya ji kamar ya samu sauƙi, alhali hantarsa ce ke lalacewa. A watan Satumba na 2015, asibitin koyarwa na nan garinku ya ba da sanarwar mutum sama da 30 da suka ci ta cikin 'yan kwanaki, yawancinsu 'yan gudun hijirar Siriya da suka zaci irin ta ƙasarsu ce.

Idan kina son ci, ƙungiyar masana laimar kwaɗi ta Jamus, wato DGfM, tana da mutanen da ke duba abin da aka tsinko ɗaya bayan ɗaya. Ki zuba a kwando, don leda na ruɓar da ita. Manhajar waya ta gane irin laimar kwaɗi kuwa ban yarda a dogara da ita ba ko kaɗan.

Shi hoto, ai shi ne abin da ke fitar da ni daji duk Oktoba. Dajin nan yana da duhu, shi ya sa hannu na ɗan motsawa hoto ya ɓaci. Ki durƙusa, ki juya saman wayar ya koma ƙasa yadda idon kyamara zai kusanci ƙasa, ki jingina ta da tushen itace, ki sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa 3. Filasha ki kashe shi. Ni farar takarda nake sa wa a jaka, in kara ta daga gefe, sai haske ya shiga ƙarƙashin hular, siraran layukan nan su fito raɗau. Bara da safe, bayan ruwan dare, na yi rabin awa a gaban wata ja mai ɗigo-ɗigon fari, gwiwata ta jiƙe sharkaf, ga wata 'yar katantanwa tana gwaguyar gefenta. Ita ma jar ba a ci.

In don a gane irinta kike ɗauka, ki haɗa da ƙasan hular da gindinta, domin mai kisan nan tana da zobe a wuya da wata 'yar jaka da ke ɓoye cikin ƙasa. Ki sa dogon wando da safa, kina dawowa kuma ki duba jikinki, akwai kaska a ciyawar.