Rim ɗin magnesiyam: asalinsa da haɗarinsa

Malam, ka ce ka samu tsohon rim na magnesiyam, wani irin ƙarfe mara nauyi, kana tambayar asalinsa da ko zai hau titi. Wani ɗan Amurka, Ted Halibrand, ya yi suna da ƙera irin waɗannan rim a Kalifoniya tun wajen 1946, motocin tseren Indianapolis 500 suka kama amfani da su, daga baya masu gyara tsofaffin motoci don gudu suka bi sahu, saboda nauyin magnesiyam kusan kashi biyu cikin uku ne na alminiyam. Amma fa damshi na cinye shi, yana tsagewa ta ciki ido bai gani ba, in ya kama wuta kuma ruwa ƙara masa yake. Kar ka kai wa mai walda na bakin titi, ka nemi injiniya ya gwada tsagewar tukuna.