Ga mai tambaya kan turmin haƙorin ɗanta da ya yi kogo

Wayyo 'yar uwa, ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, kamar labarin 'yata kike bayarwa. Kin ce turmin yaronki ɗan shekara 5 ya yi kogo, ana ce miki ki ƙyale shi tunda haƙorin nono ne, zai faɗi. Don Allah kar ki ƙyale. Turamen baya ba sa faɗuwa sai wajen shekara 10 zuwa 12, wa zai jure ciwo har lokacin?

Haka uwar mijina ta yi ta faɗa mini. Da abin ya yi tsanani kuma ta kawo wata mai cire tsutsar haƙori, ta turara wa yarinya hayaƙi, ta nuna mana wasu fararen abubuwa a kwano, ta karɓe kuɗinta ta yi gaba. Kwana uku kumatu ya kumbura har ido ya kusa rufewa. Goye da ita na kwana ina zagaya tsakar gida har aka kira assalatu, ga zazzaɓi, kanumfarin ma ya ƙi aiki. Gari na wayewa kuma wai ni ce na cika ba ta alawa! To wa yake sayo mata kullum? Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Likitan haƙori hoto ya fara ɗauka, sannan ya tambaya: ciwon yana tashinta daga barci ne, ko sai ta sha sanyi ko zaƙi? Ki lura da wannan kafin ki je. Ki kuma ɗaga leɓensa ki duba ko akwai ƙurji a dasashi.

Ashe haƙora biyu ne suka yi wa 'yata kogo. Wanda ya kumbura jijiyarsa ta mutu, cire shi aka yi. Ɗayan kuwa ramin ya yi zurfi amma bai kai jijiya ba. Ya kankare ruɓar gefe tas, ya bar ta can ƙasa da gangan, ya cike, ya sa masa hular ƙarfe. Ni har na ɗauka ha'inci ne. Ya ce kwakule ta duka na iya huda jijiyar, in kuwa aka toshe da kyau ƙwayoyin cutar ba sa samun abinci, ruɓar sai ta tsaya.

Ki daina sintirin kemis, maganinsu lafar da ciwon kawai yake yi. Da dare ke da kanki za ki goge masa, da man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa), ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake. Mu har yanzu ana duba mana gurbin wanda aka cire, kar na kusa su matso su tare wa sabon hanya. Allah Ya ba shi lafiya.