Ga 'yar'uwar da ta tambayi shekarun da ƙodar dashe ke yi

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah ya ba maigida lafiya. Kin ce an sa masa ranar dashen ƙoda, amma an tsorata ki wai ba a wuce shekara goma bayan aikin. Ni ma da ƙodar ƙanena nake rayuwa, shi ya sa ban iya yin shiru ba.

Shekarun ƙodar daban, shekarun mai ita daban. In ta gaji, ana komawa wankin ƙoda, ana kuma iya sake dashe. Sama da kashi 90 cikin 100 na ƙodojin da ake dasawa suna aiki bayan shekara guda. Wadda mai rai ya bayar takan kai shekara 15 zuwa 20, ta mamaci ba ta cika kaiwa haka ba, wasu kuma har su haura 30.

Inda nake so ki sa ido shi ne bayan ya warware. Watannin farko kowa na kaffa-kaffa. Sai an yi ƙiba, an koma aiki, sannan sakaci ke shigowa. Jiki kuwa bai taɓa manta cewa ƙodar baƙuwa ce ba, magungunan Tacrolimus da Mycophenolate da Prednisolone ne ke danne shi kada ya yaƙe ta. Akwai wani bawan Allah da muke haɗuwa a layin ganin likita, ya ji garau ya fara tsallake magani. Ba ciwo, ba zazzaɓi, sai gwajin kiriyatinin, wato gwajin jini mai nuna aikin ƙoda, ne ya tona. Kafin a ankara ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, ya koma kan na'urar wankin ƙoda. Wallahi har yau abin yana damuna.

Don haka maganin nan a kan lokacinsa, har ƙarshen rayuwa, kuma ku yi lissafin kuɗinsa tun kafin aiki. Ranar auna Tacrolimus a jini kada ya sha na safe sai an ɗebi jini. Ibuprofen da Diclofenac da jiƙe-jiƙe, ya yi musu sallama.

Kuma da yawa cikin waɗanda aka yi wa dashe suna rasuwa ne ƙodarsu tana aiki lafiya lau: ciwon zuciya ko kamuwa da ƙwayoyin cuta ko ciwon daji ne ajalinsu. Tacrolimus da Prednisolone ma kan jawo ciwon suga. Ki ajiye abin awon hawan jini a gida, in kuma zazzaɓi ya taso, ko da tsakar dare ne, asibiti za ku nufa.